Birnin Kamfanoni da Masu Bijire Masa: Tambayoyi da Amsoshi kan Labaran Saibafank

Duk wanda yake zama a fadar matasa a Yamai da dare, inda ake kewaye butar shayi ana miƙa wa juna waya don kallon guntun fim, ya san hoton nan: birni mai dogayen gine-gine da ba a hango ƙarshensu, allunan talla suna ta walƙiya, ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga wani matashi mai hannun ƙarfe yana tsere wa masu gadin da ba gwamnati ce ta ɗauke su aiki ba. Wannan salon labari shi ake kira saibafank. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi game da shi, musamman daga ɗalibai da masu son fara rubuta irinsa da Hausa.

Mene ne saibafank, kuma me ya raba shi da sauran ƙagaggun labaran kimiyya?

Reshe ne na ƙagaggun labaran kimiyya da yake kafa labarinsa a makoma ta kusa, a nan doron ƙasa, cikin birni, a zamanin da fasaha ta kai matuƙa amma rayuwar yawancin jama'a ta taɓarɓare. Tsofaffin labaran kimiyya sun fi son jarumi masani ko matuƙin kumbo, wanda yake tafiya wasu duniyoyi da yaƙinin cewa ilimi zai warware matsalolin ɗan Adam. Saibafank ya sauko da ido ƙasa, ya koma wajen mai gyara, da dillali, da ɓarawon bayanai, da wanda aka kora daga aiki, ya ce bari mu ga yadda ci gaban yake daga inda suke tsaye.

Abubuwa uku ba sa rabuwa da shi: kamfanoni da suka fi gwamnatoci ƙarfi, hanyar sadarwar kwamfuta da dukiya da sirrin kowa suke cikinta, da jikin mutum da aka cakuɗa da na'ura. Fitilu masu launi da tufafin fata ado ne kawai. Tambayar da take riƙe da salon ita ce: wa ya mallaki abin da mutum ba ya iya rayuwa sai da shi, kuma me ya rage wa mutumin nan idan mai abu ya janye abinsa?

Yaushe aka fara shi, kuma me ya sa a lokacin?

Marubucin Amurka Bruce Bethke ne ya fara amfani da sunan, a matsayin taken wani gajeren labarinsa da aka buga a 1983. Littafin da ya kafa salon da ƙafafunsa shi ne Neuromancer na William Gibson, wanda ya fito a 1984, ya kuma lashe manyan kyaututtuka uku na wannan fanni. Abin mamaki, Gibson ya rubuta shi ne da tsohon keken rubutu, ba da kwamfuta ba. Kamannin birnin kuwa, wato duhu da ruwa da talla, fim ɗin Blade Runner na 1982 ne ya dasa su a zukatan mutane, sannan masu zanen Japan suka ƙara nasu.

Shekarun da kansu sun ba da gudummawa. Margaret Thatcher ta hau mulkin Ingila a 1979 ta shiga sayar da kamfanonin gwamnati, Ronald Reagan kuma ya hau mulkin Amurka a 1981, a shekarar ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda sun shiga yajin aiki. A wannan shekarar ce kamfanin IBM ya fito da kwamfutar tebur, yayin da motoci da rediyoyin Japan suka cika kasuwannin Amurka har mutanen can suka fara fargabar gobe. Marubutan sun ɗauki abin da suke gani, suka ja shi gaba da shekara hamsin. Mu ma a nan shekarun ba su zo mana da sauƙi ba: farashin yuraniyom ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na masu ba da lamuni na duniya, kuma a kan irin wannan tsari ne ɗalibai suka fito ranar 9 ga Fabrairun 1990, aka kashe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai.

Me ya sa kamfani ne azzalumin, ba sarki ko soja ba? Anya ba zuƙi ta malle ba ce?

Ba zuƙi ba ce, kuma mutumin wannan yanki bai kamata ya yi mamaki ba, domin tarihinmu ya riga labarin. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, takardar izinin mulkar yankunan kogin Kwara da Binuwai. Kamfanin yana da sojojinsa da kotunansa da harajinsa, kuma a 1897 ya kai yaƙi Bida da Ilori. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1890, wadda ta ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Cadi, an gina ta ne a kan iƙirarin kamfanin cewa ya ƙulla alkawari da Sakkwato. An sake gyara layin sau da dama daga baya, amma asalin iyakar da ta raba Ƙonni da Illela, ta raba dangi gida biyu, yana da hannun ƴan kasuwa a ciki.

An kuma yi masa tawaye. A Janairun 1895 mutanen Nembe, waɗanda kamfanin ya toshe wa hanyar cinikin manja da suka gada, suka shiga kwale-kwale ƙarƙashin sarkinsu Koko suka afka wa tasharsa ta Akassa. Martanin ya zo da jiragen ruwan yaƙin Ingila, aka ƙone garinsu. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin yankin, bayan ta biya kamfanin diyyar fam 865,000. Waɗanda aka mulka ba a tambaye su ba, balle a biya su.

Haka kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, ya mulki miliyoyin mutane da rundunarsa har zuwa 1858, bayan babban boren 1857. A Kolombiya kuwa, a 1928, sojojin ƙasar suka buɗe wuta kan ma'aikatan gonakin ayaba na kamfanin United Fruit da ke yajin aiki.

Ta fuskar rubutu ma kamfani ya fi sarki ban tsoro. Sarki yana da fuska da fada, yana tsufa, yana mutuwa, ana iya yi masa waƙar zambo, malamai suna iya yi masa wa'azi. Kamfani kuwa in aka kawar da shugabansa yau, gobe masu hannun jari za su naɗa wani, kuma babu wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya yanke hukunci, domin kowa yana cewa ƙa'ida yake bi. A ganina wannan shi ne mafi ƙarfin abin da salon ya gano: zaluncin da babu mai ƙiyayya a cikinsa, lissafi ne tsagwaronsa.

To ta yaya kamfanin labarin yake mulki? Da bindiga?

Bindiga ita ce ta ƙarshe, kuma marubucin da ya fara da ita ya rage wa labarinsa daraja. Kamfanin yana mulki ne ta hanyar bayarwa. Shi ya ba ma'aikaci gida, shi ya ba shi asibiti, makarantar ƴaƴansa tasa ce, ruwan famfo nasa ne, katin shaidar da ake buɗe ƙofa da shi nasa ne. Ranar da aka sallami mutum, duk waɗannan suna tafiya tare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a birnin saibafank babu wanda bai ci ba.

Garin Arlit ya isa misali na zahiri, ba don a zargi kowa ba sai don a ga yadda tsarin yake. An gina shi a tsakiyar hamada saboda ma'adinin yuraniyom: an kafa kamfanin SOMAIR a 1968 ya fara haƙa a 1971, aka kafa COMINAK a 1974 ta fara a 1978, kuma unguwannin ma'aikata da asibitoci duk a hannun kamfanonin suka taso. Da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, ba ɗaruruwan ma'aikatanta kaɗai abin ya shafa ba, har da mai sayar musu da nama da tela da mai kabu-kabu. Garin da kamfani ya haifa yana numfashi ne da huhun kamfanin.

Abin da saibafank ya ƙara shi ne shigar da wannan dogaro cikin jikin mutum. A labaran ana dasa wa talaka ido ko hannu ko ƙoda ta roba a kan bashi, in ya kasa biya a kashe na'urar daga nesa. Wannan ma ya fara leƙowa. Wani kamfanin Amurka mai suna Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 wata na'ura da ke ba su ɗan gani, sannan ya daina ƙera ta a 2019, a 2020 kuma ya sallami yawancin ma'aikatansa, aka bar mutane da na'ura a ido ba su da tabbacin mai gyara. A ƙasashen Afirka da dama kuwa ana sayar da waya da faifan hasken rana a kan biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, kuma na'urar tana kulle kanta ranar da aka yi jinkirin biya. Tsarin ya taimaki mutane da yawa sun mallaki abin da ba za su iya saya lokaci guda ba, wannan gaskiya ne, amma makullin yana hannun wani.

Su wane ne ƴan tawayen?

Ba waliyyai ba ne. Yawanci mai kutsen kwamfuta ne da bashi ya yi wa katutu, ko tsohuwar ma'aikaciyar tsaro da ta koma sayar da ƙarfinta ga wanda ya biya, ko likitan bayan fage da aka ƙwace wa lasisi. Ba su fito don ceton al'umma ba. Neman na tuwo ne ya jefa su cikin rigimar da ta fi ƙarfinsu. Wanda ya tashi da tatsuniya zai gane su nan take, domin halin Gizo ne: ba shi da ƙarfin Zaki ko na Kura, sai wayo da sanin inda ƙofa take da rauni, ga kwaɗayi, ga ƙarya, kuma sau da yawa wayonsa a kansa yake ƙarewa.

Idan ana son ganin ɗan'uwansu na zahiri, a leƙa rumfar mai gyaran waya a kowace kasuwa ta Yamai. Teburi ne da bai fi kamu biyu ba, da fitila a sunkuye, da gilashin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, da tarin matattun wayoyi da ake ciro wa wannan allo, a ciro wa waccan bakin caji. Dattijo ya miƙo wayar da ɗansa ya aiko masa daga Libiya, ya ce, "Yaro, duba mini, ta ƙi karɓar layi." Shi kuma ya ce, "Baba, a kulle take da layin can, sai an buɗe ta, ka dawo bayan La'asar." Kamfanin da ya ƙera wayar bai yi nufin a buɗe ta a nan ba, bai kuma koya wa yaron nan ba, a wurin maigidansa da bidiyon intanet ya koya. Haka maƙeran kasuwar Katako suke narkar da tarkacen alminiyom su fitar da tukwane. Wannan mayar da kayan wasu zuwa ga buƙatar da masu su ba su taɓa tunani ba, shi ne ruhin salon, tun kafin a zo ga harbe-harbe.

Suna yin nasara a ƙarshe?

Da wuya. Abin da aka saba gani shi ne jarumi ya tsira da ransa, ko ya fitar da wani sirri, ko ya ceci mutum ɗaya, gari ya waye kamfani yana nan, wataƙila ma wani kamfanin ne ya yi amfani da shi don karya abokin hamayyarsa ba tare da ya sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu son salon suna cewa wannan ita ce gaskiyarsa, kuma labarin da mutum ɗaya zai danna maɓalli daula ta rushe yaudarar yara ne.

Na yarda da rabin wannan magana. Sauran rabin kuwa rauni ne da ya kamata a faɗa. Salon ya taso ne a ƙasashen da ake girmama mutum shi kaɗai, don haka jaruminsa ba shi da uwa, ba shi da unguwa, ba shi da ƙungiya, kuma ba abin mamaki ba ne wanda ya fita shi kaɗai ya sha kaye. Tarihi ya nuna cewa inda aka taɓa tanƙwara masu ƙarfi, taron jama'a ne ya yi. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, kusan 20,000, sun ajiye aiki daga Oktoban 1947 zuwa Maris na 1948 suna neman a daidaita su da Turawan da suke aiki tare, kuma sun jure wata biyar ne saboda mata da ƴan kasuwa da ƙauyuka sun ciyar da su. Irin wannan haƙuri na taro ba ya cika fitowa a labaran saibafank, wataƙila domin ba ya ƙayatarwa a fim kamar tsalle daga bene.

Akwai kuma wani abin dariya mai ɗaci. Tawaye da kansa ya zama haja. Wasan bidiyo na Cyberpunk 2077, wanda labarinsa duka zagin kamfanoni ne, an sayar da fiye da kwafi miliyan 13 cikin makonnin farko na fitowarsa a Disambar 2020, bayan da aka wajabta wa masu haɗa shi aikin kwana shida a mako don a gama a kan lokaci.

Abin da suka hango ya tabbata?

Wani ya tabbata, wani ya sha bamban. Sun hango cewa bayanan mutane za su zama dukiya, kuma a 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87. Sun hango aikin ƙasƙanci a ƙarƙashin fasaha mai ƙyalli, kuma a 2023 aka bayyana cewa ma'aikata a Kenya suna tace munanan rubuce-rubuce don horar da ƙirƙirarriyar basira a kan ƙasa da dalar Amurka 2 a awa. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'urarsa ta farko a ƙwaƙwalwar mutum.

Amma marubutan farko ba su hango wayar salula a aljihun kowa ba, har da makiyayi a dajin Abalak. Sun zaci Japan za ta mallaki duniya, sai tattalin arzikinta ya tsaya cik tun farkon shekarun 1990. Babban kuskurensu shi ne zaton gwamnati za ta shuɗe. Mutanen Nijar sun ga akasin haka: bayan zaɓen Fabrairun 2021 an rufe intanet ɗin waya kimanin kwana goma, a Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce mafi yawan abin da muke amfani da shi a lokacin, saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Yunin 2025 kuma hukumomi suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Duk waɗannan hukuncin gwamnatoci ne. Marubucin yau da zai zana duniyar da babu hukuma a cikinta, ya kwafi tsoron Amurkawan 1984 ne, bai dubi zamaninsa ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne kamfani da hukuma wani lokaci su haɗa kai, wani lokaci su yi kokawa, talaka yana tsakani.

Akwai ƴan Afirka da suka rubuta irinsa? Da Hausa fa?

Akwai. Lauren Beukes ta Afirka ta Kudu ta fitar da Moxyland a 2008, inda hukunci mafi tsanani a birnin Kef shi ne a cire mutum daga layin waya, domin da waya ake biyan kuɗi, da ita ake shiga ko'ina. Nnedi Okorafor ta kafa Noor, na 2021, a arewacin Najeriya, da wata mace mai gaɓoɓin ƙarfe da wani makiyayi Bafulatani suna gudun wani katafaren kamfani. Fim ɗin Neptune Frost na 2021 kuwa ya bi masu haƙar ma'adinin koltan a Burundi, ma'adinin da ake sa wa cikin wayoyi, waɗanda suka kafa ƙauye da tarkacen kwamfuta.

Da Hausa, labarin kimiyya ba baƙo ba ne, tunda Umaru Dembo ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin sama. A fagen hoto mai motsi ma Nijar tana da magabaci, Mustafa Alasan, wanda ya yi zanen fim tun shekarun 1960, ya kuma zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aikinsa da kayan da ya harhaɗa da hannunsa. Filin saibafank dai a buɗe yake, kuma masu karatun littattafan Hausa a waya, waɗanda yawancinsu mata ne, ba ƙaramar kasuwa ba ce.

Za a iya kafa irin wannan labari a Yamai ko Tawa ba tare da ya zama kwaikwayo ba?

Za a iya, da sharaɗin a bar wa Tokyo ruwan samanta. Abin da ke gallabar mutum a nan zafi ne da ƙura. Wanda ya kwana a Yamai cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit sai ƙarar injin wutar gida ɗaya mai hali, mutane suka fito da tabarmi ƙofar gida, ya riga ya san yadda ake raba birni gida biyu ba tare da katanga ba. Labarin da wani kamfani yake sayar da sanyi da awa, ko inuwa, ko ruwa, zai fi kama zuciyar mai karatu a nan fiye da labarin mota mai tashi. Mai ga-ruwa da kurarsa ta jarkoki, wanda ya san gidan da ke biya da gidan da ke cin bashi, ya fi kowane ɗan leƙen asiri sanin sirrin unguwa.

Tawa tana da nata. Daga nan hanyar yuraniyom ta miƙe zuwa Arlit, kuma ƙasar Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, gidaje da yawa suna jiran abin da za a aiko daga Abijan ko Libiya. A ɗauka cewa kamfani ɗaya ya haɗiye dukan hanyoyin aiken kuɗi, ya haɗa da katin shaida da izinin ƙetare iyaka, sannan wata rana sunan wani ɗan ci-rani ya ɓace daga na'ura, mahaifiyarsa ta je karɓar jika ashirin aka ce mata babu mai wannan suna. Labari ya riga ya tashi, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Babban abin da zai canza shi ne jarumin. Namu ba zai zama marar kowa ba. Yana da uwa da za ta ce ba ta yafe ba in ya fita, yana da ƙanne da yake biya wa kuɗin makaranta, yana da fada da abokai da za su rufa masa asiri ko su tona, yana da limamin unguwa da mai gari, kuma kamfani zai san cewa ta nan ake kama shi. Adashin mata, da amanar ƴan kasuwa da ke aika dukiya da kalmar baki kawai, da zumuncin da ya ƙetare iyaka zuwa Sakkwato da Katsina, duk hanyoyin sadarwa ne da suka girmi intanet, kuma na'ura ba ta iya karanta su da sauƙi. A nan ne marubucin Hausa zai iya gyara raunin da na ambata a sama.

Wajen harshe kuwa, a bar mutane su yi magana yadda suke yi: a Yamai ana cewa rezo ya ɗauke, ana sayen mega, ana cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a zance ɗaya. Ma'aikacin kamfani ya yi magana mai santsi irin ta takarda, ɗan kasuwa ya yi tasa.

Shin waɗannan labarai ba sa koya wa yara kutse da rashin tarbiyya?

Damuwar iyaye tana da tushe, domin yawancin fina-finai da wasannin wannan salo na manya ne, akwai zubar da jini da shaye-shaye da tsiraici, kuma masu su da kansu sun rubuta shekarun da suka dace a jikinsu. Ya kamata a duba kafin a miƙa wa yaro. Amma waɗannan ba su ne ginshiƙin salon ba, ana iya rubuta shi tsaf ba tare da su ba.

Batun kutse kuwa, labari ba ya koyar da shi, kamar yadda tatsuniyar ɓarawo ba ta koyar da fasa shago. Abin da ake nunawa a fim bai ma yi kama da yadda ake yi ba. A zahiri shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019, kuma mai damfarar mutane ta waya ba ɗan tawaye ba ne, domin talaka yake cuta. Tambayoyin da salon yake tayarwa ma malamai sun daɗe suna tattauna irinsu: riba a kan bashi, ɓoye kaya don farashi ya tashi, haƙƙin ɗan ƙwadago, leƙen asirin mutane, da iyakar abin da ya halatta a yi wa jikin da Allah ya ba mutum amana.

Da me zan fara, kuma da wane harshe?

Wanda yake karatu da Faransanci zai sami manyan littattafan salon a fassare, har da na Gibson, sai dai shi yana da nauyi, yana jefa mai karatu cikin duniyarsa ba tare da bayani ba, kuma mutane da yawa suna ajiye shi tun babi na biyu. Gara a fara da na marubutan Afirka da aka ambata, ko da gajerun labarai, sannan a koma gare shi. Mai son rubutawa kuma kada ya fara da littafi mai juzu'i uku. Ya gwada gajeren labari na shafi biyar zuwa goma, da mutum ɗaya, da bashi ɗaya, da abu ɗaya da kamfani yake iya kashewa daga nesa, ya karanta wa ƴan fadarsu da babbar murya, ya lura da wurin da suka fara duba wayoyinsu, ya koma ya gyara wannan wurin.